Wurin da munka kwantar da autanmu ba da sonshi ba: kwana 19, abin da na yaba da abin da ya tsaya mini a rai

Assalamu alaikum jama'a. Yau wata huɗu ke nan da anka sallamo autanmu daga wurin masu taɓin hankali, kuma tun ranar ban huta da kiran salula ba, wanga ya ce ina kunka kai shi, wancan ya ce nawa kunka kashe, har wata baiwar Allah daga Tasawa da ban taɓa gani ba ta samo lambata wajen mai shagon kusa da ni tana kuka tana tambaya ko suna dukan mutane a wurin. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunan wurin dai ba zan faɗi ba, don cikin maganata akwai ƙorafi kuma mutanen nan sun yi mana rana, ba zan tona su a bainar jama'a ba. Shi ma yaron sai da na nemi izininshi, ya ce in rubuta amma kar in sa sunanshi ko hotonshi.

Yaron shekararshi 26, kabu-kabu yake yi, mashin ɗin ma ni na saya mishi. Mun san shina shan tramol, mun yi faɗa mun yi lallashi, kullum amsarshi ɗaya ce, wai don ya jure aiki ne, wai duk ƴan tasha suna sha. Lokacin zafin bana abin ya juye. Ya yi kwana biyar cur bai runtsa ba, sai zagaye cikin gida da dare shina magana, wai mashinan da ke wucewa ƙofar gida duk shi suke bi, wai rediyon Inna da shi take. Munka fara da abin da kowane ɗan Maradi zai fara da shi, ruƙiyya, rubutu, hayaƙi, ƙanwar Inna ta zo daga Tibiri da maganar a kai shi wurin ƴan bori, Kawu kuma ya ce shi ya san wani gidan mari da ake gyara irin waɗanga yara cikin wata uku. Nan ne kawai na tsaya da ƙafata na ce a'a, don ban manta hotunan Rigasa ta Kaduna ba a 2019, da ƴan sanda sunka fito da mutum sama da 300 daga gida ɗaya, manya da yara, da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, bayan ƴan makonni kuma anka sake gano irinshi a Daura nan kusa da mu. Kawu ya ji haushi har yau gaisuwarmu sama-sama ce, ba komi.

Dare na shida ya fasa randar Inna, ya ɗauki adda ya zauna bakin zaure ya ce ba mai shiga ba mai fita. Matata da ɗiya suna ciki. Abokinshi ne ya lallaɓa ya zauna kusa da shi kamar za su yi hira har ya samu ya janye addar, ni kuma na yi mishi ƙarya, na ce ya taso mu je kwamisariya an kama mashin ɗinshi mu karɓo. Ya shiga adaidaita da ƙafarshi, amma muna wuce hanyar da ya sani ya gane, ya nemi ya dira ana cikin tafiya, dole mu huɗu munka danne shi munka ɗaure hannuwanshi da igiyar guga da mai adaidaitar ya miƙo mana. Abin da ya ce mini a lokacin har gobe ina jinshi a kunne: "Yaya, ni ka ɗaure? Ni? Kamar ragon Layya?" Ban ba shi amsa ba, ina ta riƙe da ƙafarshi.

To yanzu ga maganar wurin.

Mun isa wajen ƙarfe goma na dare. Mai gadi bai tsaya yi mana tambayoyin banza ba, yana leƙawa ya ga halin da ake ciki ya buɗe ƙofa ya ruga ya taso manjo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin. Babu likita da dare, wannan ku sani tun yanzu, manjo ne da wani yaron aiki guda. Amma manjon nan, wallahi in da maki ake ba mutum shi kaɗai da na ba shi biyar cikin biyar. Dattijo ne mai furfura a gemu, bai yi tsawa ba, bai ce mahaukaci ba, ya tambaye ni sunan yaron sannan ya durƙusa daidai fuskarshi ya kira shi da Malam wane, ya ce sannu da zuwa, ka gaji ko, kwana nawa ba ka yi barci ba. Yaron da ke zagin kowa sai ga shi ya amsa ya ce biyar. Ya rubuta mini ordonans na ruga farmasin da ke gadi a daren na sawo Largactil da Valium da sirinji, don ba su da ko ɗaya a ajiye, wanda wannan ma abin dubawa ne, in da ba ni da kuɗi a aljihu ko ba mashin a kusa fa? Anka yi mishi allura, kafin rabin awa jikinshi ya saki, manjo ya ce a kwance igiyar nan yanzun nan, ya ce ba a kwana da igiya a wurinshi in dai ba dole ba. Ya duba wuyan hannun inda ta ci fata ya shafa magani.

Sai anka zo rubutu. Babban littafi ne irin na lakwal mai baƙin bango. Sunanshi, shekarunshi, unguwa, wa ya kawo shi, mi kake gare shi, lambar salula, sa hannu nan. Shi ke nan. Ban yi minti biyar ba. Ba wanda ya nemi katin ɗan ƙasa nawa ko nashi, ba wanda ya nemi shaidar cewa ni yayanshi ne da gaske. A daren nan daɗi na ji, na ce Alhamdu lillahi ba su wahalar da mu ba. Sai daga baya ina kwance kan tabarma sauro na cizo na tuna ranar da na je sayen sabon layin salula sai da sunka ƙi ba ni don na manta katina a gida. Wato sayen layi ya fi kulle ɗan mutum wuyar takarda.

Ginin kanshi ba yabo ba fallasa, amma ya fi kusa da fallasa. Ɗakuna ne a jere, ɓangaren maza da na mata, tsakar gida da dogon yaro biyu waɗanda su ne rahamar wurin gaba ɗaya da rana. Gado na ƙarfe, katifar ta sha jiki, gara ka zo da tabarmarka da zanen gado. Fanka akwai, amma kun san halin kuran, wato wutar lantarki, a lokacin zafi, in ya tafi ƙarfe biyu na rana ɗakin nan kamar tanda, kuma masu shan irin wanga magani zafi ba ya yi musu kyau, manjo da kanshi yake zagayawa shina cewa a ba su ruwa a ba su ruwa. Makewayi shi ne mafi muni, biyu ne ga maza duka da masu jinyarsu, ƙofar ɗaya ba sakata, sun ce da gangan ne don kar wani ya kulle kanshi ciki, na yarda da hujjar amma wankewa fa, ita ma da gangan anka bar ta? Abinci daga gida ake kawowa, safe rana dare. Mai jinya dole ne, ba a barin majinyaci shi kaɗai, don haka ni da Inna da wani ƙanenmu munka raba, ni dare, Inna rana, shagona ya yi kwanaki rabin buɗe. Akwai wani ɗaki can ƙarshe mai ƙofar ƙarfe da ƴar taga sama, nan ake sa wanda ya gagara. Namu bai shiga ba. Amma na ga an sa wani ya kwana biyu ciki, shina buga ƙofa shina kiran sunan uwarshi, kuma ban ga an rubuta ƙarfe nawa ya shiga ƙarfe nawa ya fito ba.

Likita ya gan shi kwana na biyu. Sau biyu yake zuwa a sati kuma layin da ke jiranshi sai ka tausaya mishi, mutane daga Dakoro, Mayahi, Gidan Rumji, Madarunfa, wasu tun asuba. Duk da haka ya ba mu kusan minti ashirin, da Hausa tsantsa ya yi wa Inna bayani, ya ce tramol da rashin barci suna iya kawo wannan, kuma yana yiwuwa akwai wata cuta a ƙasa da ƙwayar ta taso da ita, lokaci ne zai nuna, bai yi mana alkawarin ƙarya ba. Inna ta tambaye shi ko a daina rubutu, ya ce Hajiya ki ci gaba da addu'arki da rubutunki, hayaƙi kawai da jiƙe-jiƙen da ba a san mi ke ciki ba za ki ajiye. Wannan amsar ta saye zuciyar tsohuwa, daga ranar ba ta sake maganar a maida shi gida wurin malam ba.

Inda sunka yi mana ba daidai ba shi ne kwana na uku. Ina shago Inna ta kira tana salati, wai in zo aljanun sun dawo. Na iske wuyanshi ya karkace gefe guda ya ƙi dawowa, harshe ya fito, miyau na zuba, idanu sun kafe sama, shina son magana ba hali. Ashe Haldol ɗin da anka ƙara mishi ne, haka yake yi wa wasu musamman samari a kwanakin farko. Manjo ya zo ya ba shi maganin da ke warware shi, Artane, kafin la'asar wuyan ya saki. To don Allah mi zai hana a gaya mana tun ranar da anka fara? Magana ce ta minti ɗaya. Da a ƙauye abin ya faru bayan sallama wallahi da an zubar da maganin an ce na asibiti ya ƙara haukata shi, kuma na tabbata haka ake rasa mutane da yawa. Artane ɗin ma manjo ya ce in riƙe a aljihuna in riƙa ba shi ɗaya ɗaya, don samari suna shan shi don maye. Wannan gargaɗin ya yi, na farkon ne bai yi ba.

Wajen kwana na takwas yaro ya dawo hayyacinshi sosai. Shina barci, shina cin tuwo, ya nemi a kawo mishi sabulu da kayan sawa, ya ba Inna haƙuri kan randa. Da dare muna zaune gindin dogon yaro sai ya ce, "Yaya, wa ya ce a tsare ni nan?" Na ce likita. Ya ce, "Likita bai gan ni ba sai da na kwana. Wa ya ce?" Na yi shiru. Ya ce, "To har yaushe? Ko ɗan kaso ana gaya mishi ranar fitarshi." Da safe ya je da kanshi wurin manjo cikin ladabi ya ce shina son ya koma gida ya riƙa zuwa karɓar magani. Manjo ya ce ya bari yayanshi ya zo. Da na zo na tambaya, amsar da anka ba ni ita ce ta sa nake wanga dogon rubutu: "Kai ka kawo shi, in kana so ka sa hannu ka ɗauki nauyi ka tafi da shi yau, in kuma ka bar shi sai likita ya sallame shi." Wato mutum mai shekara 26, mai katin zaɓe, wanda a ranar ya fi ni natsuwa don ni kwana takwas ban yi barcin kirki ba, sa hannunshi ba ya buɗe ƙofa, nawa ne ke buɗewa. Makullin shina aljihuna tare da Artane.

Na bar shi. Ina ganin daidai na yi, likita ma ya ce da saura, kuma kwana goma sha ɗayan da ya ƙara sun amfane shi. Amma ni na san niyyata. In da gado muke rigima a kai fa? In da fili ne na Baba nake son in saida ba da saninshi ba? Littafin nan mai baƙin bango ba ya tambayar niyya.

Ina da aboki tun muna lakwal, yanzu shina aikin jinya a Faransa a irin wanga sashe, na aika mishi murya ta WhatsApp na zazzage mishi komi. Ya ce su ma ba daga sama sunka faɗo ba, dokarsu ta farko ta 1838 ta yi shekara sama da 150 tana aiki kafin a canza ta a 1990, kuma sai a 2011 anka sa alƙali cikin maganar dole. Yanzu in dangi sunka nemi a kwantar da mutum ba da sonshi ba, a ƙa'ida sai da takardun likita biyu, in abin gaggawa ne ana karɓar ɗaya, sannan a sa mishi ido awa 72 ana sake rubuta takarda ko har yanzu akwai dalilin riƙe shi, kuma kafin kwana 12 su cika sai alƙali ya duba, majinyacin da lauyanshi, in alƙali ya ga ba hujja sai a buɗe ƙofa ko dangi sun so ko sun ƙi. Daga nan na shiga karance-karance da dare tunda dama ba barci. A Ingila dokar 1983 ta ce kwana 28 don bincike, wata shida don magani, kuma mutum na da kotun da zai kai kuka. A Amurka kowace jiha da tata, ta Fulorida da suke kira Baker Act tun 1971 awa 72 ce. Wanda ya fi taɓa ni labarin wani Kenneth Donaldson ne, mahaifinshi ya sa anka kwantar da shi a Fulorida ɗin, ya yi kusan shekara 15 a kulle shina cewa ni lafiyata lau ba wanda na taɓa, sai a 1975 kotun ƙolinsu ta ce ba a tsare mutumin da ba hatsari gare shi ba kuma zai iya rayuwa a waje don kawai an ce shina da taɓin hankali. Shekara 15 jama'a. Maƙwabtanmu Najeriya ma dokar mahaukata ta zamanin Turawa ta 1958 sunka yi ta ja har Janairun 2023 da Buhari ya sa hannu kan sabuwa. Mu kuma ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu tun 2008, wadda ta haɗa da masu ciwon ƙwaƙwalwa, amma ni dai cikin kwana 19 ba wanda ya nuna mana ko ƴar takarda guda da ta ce ga haƙƙin majinyaci, ko a bango ba a manna ba, abin da ke bango kalandar wani kamfanin magani ce ta bara.

Kar wani ya ce na zama Bature. Na sani sarai in da a daren adda an ce sai na kawo likita biyu da alƙali da wani ya mutu a gidanmu, kuma likitan da ke ganin mutanen jiha guda sau biyu a sati ina zai samu na biyunshi. Shiga da sauri ba ni da ja a kai, gobara ba ta jiran takarda. Fitar ce matsalata. Bayan sati guda ko kwana goma ya kamata wani wanda ba dangi ba kuma ba ma'aikacin wurin ba ya zo ya zauna da majinyacin shi kaɗai ya ji ta bakinshi, ko daga gidan shari'a ko daga ma'aikatar jin daɗin jama'a, kuma a gaya wa mutum da Hausa ranar da za a sake duba maganarshi. Wannan ba ya cin kuɗin gina sabon ɗaki.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da haka mutum biyu ne da na zauna da su a wurin. Na farko wani dattijo mai sharar tsakar gida kullum da safe, ni na ɗauka ma'aikaci ne har na ba shi dala ashirin ya sha shayi, ashe majinyaci ne, ya warke tuntuni, waɗanda sunka kawo shi sun ce za su je su dawo, lambar da sunka bari ba ta shiga. Ba mai sa mishi hannu. Ma'aikata da masu jinya ke ciyar da shi, Inna ma ta riƙa ƙara kwano ɗaya.

Na biyu yaro ne ɗan shekara 15, gadonshi na kallon namu. Ubanshi ya kawo shi daga wani ƙauye, ƙafafunshi biyu da zoben tabo baƙi inda mari ya ci, kakarshi ke jinyarshi, tsohuwa mai goro a gefen zane kullum. Laifinshi shaƙar sholisho da gudu daga gida da ɗaukar kuɗin uban. Ba ɗakin yara a wurin, cikin manyan maza ya kwana, har da wanda ke tashi tsakar dare tsirara, yaron sai ya ja bargo ya rufe kai cikin wannan zafin. Ni ban taɓa jin ya yi maganar da ba ta kan hanya ba, draf ma muke bugawa da marafan kwalba shina cinye ni. Bayan kwana huɗu likita ya ce wa uban yaronka ba ya buƙatar kwanciya, a riƙa kawo shi ana magana da shi. Uban ya ce, a gabana, "Likita ku dai riƙe mini shi ko wata biyu ne ya yi hankali, ko nawa ne zan biya." Likita ya ce Alhaji nan ba gidan horo ba ne, ya rubuta sallama. Na ji daɗi ƙwarai, amma ku duba, halin likitan ne ya ceci yaron, da wani ne mai son kuɗin gado wa zai hana? Kuma ba wanda ya tambayi yaron ina za a kai shi daga nan, ni kuwa na ga yadda ya riƙe ƙarfen gado da anka ce ya tashi. Da na ba abokina labari ya ce ko a Faransa yaron da iyayenshi sunka kwantar ana lissafa shi cikin waɗanda sunka zo da son ransu, don haka alƙalin nan na kwana 12 ba ya zuwa kanshi kai tsaye. A Fulorida kuma dokar awa 72 ta haɗa da yara, har ana ta kuka da yadda ƴan sanda ke ɗaukar ɗiyan firamare daga aji a motarsu. Wato maganar yara ko masu kuɗin ba su gama warware ta ba.

Kuɗi, tunda shi kowa ke tambaya. Tsakanin gado, allurai, ƙwayoyi, gwajin jini, man mashin na kai abinci sau uku da ɗan abin da ba a rasa ba, mun tashi kusan jikka 140, ban sa asarar shago ba. Magani ne ya fi cin kuɗi a satin farko, daga baya ya yi sauƙi. Ba wanda ya nemi na goro a hannuna, ko sau ɗaya, wannan in faɗa don Allah. Rasit kuwa wani a ba ka wani a ce gobe.

In ƙaddara ta kai ku, ku tafi da tabarma, gidan sauro, bokiti, buta, kofin roba da cokalin roba, ba a shiga da wuƙa ko reza ko kwalba, zariyar wando da wayar caji ma ku riƙe wurinku. Ku zama masu jinya biyu aƙalla don mutum ɗaya zai faɗi. Ku sayi ƙaramin karne ku riƙa rubuta sunan kowace allura da ranar da anka yi ta, kuma ku tambaya da bakinku mi maganin ke jawowa, kar ku jira a gaya muku. Ku tambayi likita a gaban majinyacin yaushe za a sake duba maganar sallama, ya ji da kunnenshi.

Maki nawa zan ba su? Ma'aikata huɗu cikin biyar, manjo shi kaɗai biyar. Gini biyu, don dogon yaron nan ne ma. Wajen sauraron majinyaci da sanin wa ke da ikon riƙe shi, ɗaya, kuma ɗayan ma na likitan da ya ƙi karɓar kuɗin Alhaji ne. In an ce in sake kai wani nawa can ko gidan mari, ko tunani ba zan yi ba, can zan kai shi.

Yanzu autan shina zama da ni a shago, bai koma kan mashin ba tukuna, allura sau ɗaya a wata, ya yi ƙiba, hannunshi na ɗan rawa in ya ɗauki kofin shayi. Tsakanina da shi lafiya lau amma ba kamar da ba, in na ce taso mu je wuri sai ya tambaya ina, sai na faɗi sannan ya tashi. Satin da ya wuce bayan sallar isha'i ya zo da takarda da biro ya ce in rubuta. Ya ce in ya sake kwana uku bai yi barci ba a kai shi, ya yarda, amma a gaya mishi gaskiyar inda za a je, kar a ce mashin. Kar a ɗaure shi da igiya, in dole ne a sa zane. Kar a sa shi ɗakin ƙofar ƙarfe. Kuma ranar kwana bakwai a kira limamin unguwarmu ya zo ya zauna da shi su biyu, in liman da likita sun ce ya zauna zai zauna. Na rubuta, ya karanta sau biyu ya gyara mini wuri ɗaya, ya sa hannu, na sa, Inna ta dangwala yatsa da tawadar biro. Takardar tana cikin karnen maganinshi, ranar Alhamis muna da ganin likita, ya ce shi zai miƙa mishi da kanshi.